Matar Makurɗi Da Masar Juma'a

Ke Rekiya, na san ke ce za ki fara buɗe littafin nan, don na san halin hannunki. Ki rufe shi ki mayar inda kika ɗauko. In kuma ba Rekiya ba ce, ko wane ne kai, ka sani Allah yana kallonka, kuma karanta abin da ba a ba ka ba sata ce. In ka ƙi ji ka ci gaba, to kada ka zo mini da tambaya. Ba zan amsa ba.

Litinin, 5 ga Yuni 1989, bayan la'asar

Wani mutum ya zo yau. Tibi ne, dogo, sanye da kwat duk zafin nan, da jaka a kafaɗa, rikoda na leƙowa daga ciki. Maigidana, Baban Rekiya, ya sauke shi a zaure, can sai ya shigo ya ce wai ni ake nema. Na ɗauki mayafi na tsaya daga bakin ƙofa.

Ya ce sunansa Iorkyaa, malamin makaranta ne a Jos, kuma littafi yake rubutawa. Na ce madalla, a wane fanni? Ya ce tarihin mawaƙa da makaɗan da suka yi tashe a otal-otal da gidajen rawa, daga nan Lafiya har Makurɗi, tun zamanin faifan garmaho. Subhanallahi. Mutum da iliminsa ya rasa abin da zai ɓata wa tawada sai masu goge da 'yan rawa. Na gaya masa ya ɓata gida. Duk unguwar nan an san ba a kunna waƙa a gidana. Rediyonmu labarai ne da tafsiri, shi ke nan.

Ya ce, "Mama, ni bai ɓata gida ba. Daga Awe aka turo ni. Ba ke ne Jumai ba, 'yar marigayi Malam Ɗanmusa?"

Na ce ni ce.

"Akwai wani tsohuwa a Makurɗi, Sailuba Mai Gishiri ake kiransa. Ya yi waƙa tun kafin 'yancin kai, har faifai ya yi. Ya ce mini yana da yarinya ɗaya a Awe, Jumai, tukunyar gishiri ya ƙona ta a hannun hagu."

Na ja mayafi na rufe hannuna. Na ce masa Sailuba sunan mahaifiyata ne, amma ta rasu ina 'yar shekara huɗu, Allah ya ji ƙanta. Tun da na yi aure duk Juma'a masa nake soyawa in ba yaran unguwa sadaka dominta. Kuma Sailuba ba ita kaɗai ba ce a duniya.

Bai yi musu ba. Ya ce shi dokar aikinsa ɗaya ce: ba ya buga abin da baki ɗaya ya faɗa, sai ya sami baki na biyu. Matar ta ce tana da 'ya. In na ce e, zai rubuta. In na ce a'a, zai bar wurin fari, a karanta ta a matsayin wadda ba ta bar kowa ba. Ƙarshen watan nan zai kai littafin wurin masu bugawa.

Na ce ya bar wurin fari.

Talata, 6 ga Yuni, da azahar

Gishiri ya yi yawa a miya.

Laraba, 7 ga Yuni, da hantsi

Ashe mutumin ya bar kaset wurin Baban Rekiya. Na ce a ɗora shi a kan katangar zaure, kada ya shigo mini gida. Baban Rekiya ya ce, "Jumai, ba za ki ko saurara ba?" Na ce in saurari me?

Irin waɗannan mutanen haka suke. Sun gama cin ƙuruciyarsu a gaban mashaya, tsufa ya zo, sai su fara neman gidan mutunci da za su raɓa. Wani ya kai mata labarin tabona, ta riƙe. Mutanen Awe nawa ne suka san da shi? Kowa ya sani. Shi kuma marubucin, me zai ƙaru da shi ranar gobe? A tambaye shi me ya yi da alƙalaminsa, ya ce ya ƙidaya wa ya kaɗa wa wa ganga.

Mahaifiyata mai dafa gishiri ce. Zazzaɓi ya ɗauke ta da damina. Haka Goggo ta gaya mini, Goggo kuwa ita ta rene ni, ban taɓa kama ta da ƙarya ba.

Juma'a, 9 ga Yuni, da safe

Na soya masa. Yara sun zo sun karɓa. Na ce Allah ya kai ladan kabarin Inna, kamar kullum.

Kamar kullum.

Litinin, 12 ga Yuni, bayan la'asar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hadari ya taso, sai na sallami matan da nake karantarwa da wuri. Ina shigowa na ji goge a cikin gidana. A cikin gidana! Rekiya ce, ta ɗauko kaset ɗin daga katanga ta saka a rikodar ubanta, ƙannenta biyu na zaune a gabanta baki buɗe. Na cire takalmi na riƙe a hannu. Yarinya mai shekara goma sha bakwai, ta san abin da na yi wa kaset ɗin Indiya da ta shigo da shi bara.

Ba ta gudu ba. Ta ce, "Mama, tsaya. Don Allah tsaya ki ji."

Gogen ya lafa, murya ta shigo. Muryar mace, siririya, tana fitowa ta cikin ƙarar tsohon faifai kamar ana suya a bayanta.

Akwai wani ɗan amo da nake yi da baki a rufe in ina jijjiga yaro. Ba shi da kalmomi. Ban taɓa ɗaukarsa waƙa ba, da ban yi shi ba. Duk 'ya'yana da shi suka yi barci. Na ɗauka ni na ƙago shi, ko kuwa haka kowace uwa take yi.

Shi ne. Har inda nake hawa in sauko. Sai dai ita da kalmomi take yinsa, kuma a cikin kalmomin akwai sunana.

Rekiya ta ce, "Mama, ai wannan ne kike yi mana."

Ƙaramin ya ce, "A ina ta ji na Mama?"

Na kashe rikodar. Ban daki kowa ba. Takalmin yana hannuna har aka kira magariba.

Talata, 13 ga Yuni, da safe

Amo amo ne. Ana iya jinsa a bakin kowa a wurin dafa gishiri.

Talata, da yamma

Amma sunan fa?

Alhamis, 15 ga Yuni, bayan magariba

Na je Awe na dawo. Hanya duk taɓo, motarmu ta kafe sau biyu. Cikin ƙannen mahaifina Baffa Ya'akubu kaɗai ya rage. Na same shi a gindin mangwaro yana gyaran igiyar akuya. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi maigidan.

Na ce, "Baffa, ina kabarin Inna yake?"

Ya ce, "Mata ba sa zuwa maƙabarta."

"Ban ce zan je ba. Na ce ina yake."

Ya ɓare goro, ya daɗe yana tauna. Ya ce dogon nan mai rikoda ne ko? Ya ce shi ma ya zo wurinsa ya kore shi, matan unguwa ne suka yi masa kwatance.

Zan rubuta yadda ya faɗa, don in na sake shi da kalmomina zan ce mafarki na yi.

"Masu goge suka zo wani biki. Da suka tashi, aka neme ta ba a gani ba. Ubanki ya tara mu ya ce ta mutu. Liman ya ce shi ba ya sallar da babu gawa, to ba a yi ba. Amma sadaka an yi, ta uku, ta bakwai, ta arba'in. Ni na raba goron."

Na ce, "Kun yi wa mai rai sadakar arba'in?"

"Wadda ta hau motar makaɗa ta bar 'yarta, me za a kira ta?"

"Me ya kore ta?"

"Wannan tsakaninta da ubanki ne. Shi kuma yana ƙasa, nasa kabarin in kina so a nuna wa mijinki."

Na ce Goggo fa? Ya ce Goggo ce ma ta kawo shawarar zazzaɓi. Ya ce, "Rufa miki asiri muka yi, Jumai. Da wa zai kai 'yar mai waƙa sakandare? Da wa zai aure ki? Ga ki yau har mata kike karantarwa. Kya zo ki tsare ni da ido kamar na ci amanarki."

Matarsa ta ɗaure mini gishiri a leda in tafi da shi. Na karɓa na yi godiya. Ban san me ya sa na yi godiya ba.

Saboda mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Abin da ya riƙe maganar nan ke nan tun ina yarinya. Ban taɓa tambaya ba, don ko an faɗa mini ba zuwa zan yi ba.

Juma'a, 16 ga Yuni, da safe

Ƙullu ya tashi, na soya, yara sun karɓa. Da na buɗe baki in yi addu'a sai na rasa me zan ce. Ladan ya je ina? Duk na shekarun nan, ina ya je?

Asabar, 17 ga Yuni, da la'asar

Ko da gaskiya ne, me ya canja? Ta tafi. Mace ta bar yarinya da ƙuna a hannu ta bi goge. Abin da nake gaya wa matan makarantarmu kullum ke nan, waƙa ba ta shiga gida ta fita ita kaɗai, sai ta ɗauki wani. Ashe a kaina aka fara. Maganata ta ƙara tabbata ma.

Lahadi, 18 ga Yuni

Ta ƙara tabbata.

Talata, 20 ga Yuni, da azahar

Iorkyaa ya dawo karɓar kaset ɗinsa. Wannan karon na ce a ba shi ruwa da abinci, don baƙo baƙo ne ko me yake rubutawa. Ya ci tuwon ya yaba miyar.

Na tambaye shi, daga bakin ƙofa, me ya sa yake wannan wahala. Ya ce ubansa makaɗi ne a wani otal a Makurɗi. Da ya mutu, ko hotonsa ba a samu ba, kuma faifan da ya yi kiɗa a ciki sunan mai otal ne a jiki. Ya ce, "Mutane ya yi rawa da su, ya yi aure da su, ya yi kuka da su, amma ba wanda ya rubuta sunansu. Ni suna kawai nake tattarawa, Mama. Ni ba alƙali ba."

Na ce da alƙali ne kai da ka fi amfani.

Ya yi dariya. Sannan ya ce tsohuwar tana tari tun farkon damina. Ya ce ita da kanta ta kafa masa sharaɗi, kada ya sa sunan 'yarta sai 'yar ta yarda, kuma kada ya roƙe ta. "Shi ya sa ni ba na roƙo. Na zo karɓan kaset ne."

Na ce kaset ɗin bai ga dama ba tukuna. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Ya ce to kaset ɗin ya zauna.

Laraba, 21 ga Yuni, bayan la'asar

Darasin yau a makarantar mata haƙƙin iyaye ne. Ba ni na zaɓa ba, nan muka tsaya makon jiya. Na karanta musu, na fassara, na ce ko iyaye sun saɓa, ba a yanke su. Wata ta ce, "Malama, ko da uwar 'yar duniya ce?" Na ce ko da.

Na dawo gida na kwanta da ciwon kai.

Alhamis, 22 ga Yuni, da hantsi

Rekiya ta same ni ina tsince shinkafa. Ta durƙusa kamar abin kirki, ta ce, "Mama, in ba za ki ba, ki bar ni in bi Baba mu gano ta."

Na ce ku gano wa?

"Kakata."

Na ce kakarki tana... sai na tsaya. Yarinyar nan ta zuba mini ido tana jiran in ƙarasa. Shekara nawa ina dukanta a kan ƙarya.

Na ce tashi ki ɗora ruwa.

Juma'a, 23 ga Yuni, da safe

Ban jiƙa shinkafa ba. Yara sun taru a ƙofa da kwanoninsu na wasa, ɗan maƙwabta yana ihu, "Maman Rekiya, yau ba sadakar marigayiya?" Baban Rekiya ya fita ya sallame su da alewa.

Lahadi, 25 ga Yuni, da azahar

Na kulle ɗaki na saurara sau ɗaya. Don in tabbatar ne kawai.

Lahadi, da la'asar

Sau uku.

Talata, 27 ga Yuni, bayan magariba

Mun je Makurɗi, ni da Baban Rekiya da Iorkyaa. Tun daga tasha nake shirya abin da zan faɗa mata. Na jera shi tsaf, da aya da hadisi.

Ɗaki ne ɗaya a bayan wani gida kusa da kogi. Wata tsohuwar Tibi ta tarbe mu, Hembadoon, wai tare suka yi yawon wasa, ita rawa take yi, yanzu ita ke dafa musu. Ta leƙa ciki ta ce, "Sailuba, tashi, mai rikoda ya kawo maka mutane."

Na zaci zan ga... ban san me na zaci zan gani ba. Jan baki, ko kwalba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce a kan tabarma, carbi a wuya, buta a gefe, idanun sun yi fari. Ta ce, "Mai rikoda, na gaya maka waƙoƙin sun ƙare. Ka tatse ni tas."

Na durƙusa na gaishe ta kamar yadda ake gaida kowace tsohuwa. Ta amsa, ta miƙo hannu tana lalube. Na ba ta na dama. Ta ture shi. Na ba ta na hagu.

Babban yatsanta ya tafi kai tsaye, bai nema ba. Ta shafa tabon ta ce, "Ya warke da kyau. Na ji tsoro zai janye miki jijiya." Sannan ta ce, "Kin ci abinci?"

Duk abin da na jera ya watse. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Tun da na yi aure nake soya miki masa duk Juma'a."

Ta ce, "Masa? Ni kuwa ko ɗaya ban gani ba."

Hembadoon ta tafa hannu ta ce, "Shi ya sa! Kullum ina mamaki, wannan tsohuwa ba ya da kowa amma ba ya kwana da yunwa." Suka yi ta dariya su biyu har tari ya sarƙe Inna. Ni ce na riƙe mata kofi.

Na tambaye ta me ya sa. Ta ce, "Ji kika zo yi ko wa'azi?" Na ce ji. Ta faɗa mini wani abu game da mahaifina. Ba zan rubuta shi ba, yana kabari, kuma baki ɗaya ne. Ta ce ta koma Awe sau biyu. Na farko aka ce mata an riga an yi arba'in ɗinta, in ta shigo za ta haukata yarinya. Na biyu ta tsaya daga nesa ta ga an sa ni a motar makaranta da akwati. Ban ce ta yi daidai ba. Ba ta ce in ce ba.

Iorkyaa yana bakin ƙofa da alƙalami a hannu. Ya ce, "Mama, ni ba na roƙo. Tambaya ne kawai."

Na ce, "Rubuta. Jumai, 'yarta. Ka sa da jikoki uku."

Ya rubuta.

Na ce ta haɗa kayanta mu tafi Lafiya, akwai asibiti, akwai ɗaki. Ta girgiza kai. Ta ce, "Mai rikoda ya ce gidanki ba a waƙa. Ni kuwa ko alwala nake bakina motsi yake. An binne ni sau ɗaya, ba zan je a sake ba."

Muka dawo ba ita.

Laraba, 28 ga Yuni, bayan la'asar

Na gaya wa matan makaranta da bakina cewa uwata na raye kuma mawaƙiya ce, kafin littafin ya gaya musu. Ɗaya ta tashi ta ɗauki jakarta. Sauran suka zauna. Muka ci gaba daga inda muka tsaya.

Alhamis, 29 ga Yuni, da safe

Na tura Baban Rekiya da Rekiya Makurɗi da saƙo wurin Inna, na ce ta zo, ba za a sake binne ta ba. Na share ɗakin da ke kusa da nawa. Na jiƙa shinkafa.

Juma'a, 30 ga Yuni, bayan sallar Juma'a

Inna ta iso, da ƙunshin kaya ɗaya da Hembadoon, wadda ta ce ita rakiya ta yi amma ta zo da tukunyarta. Na kai wa Inna masa da zafinta. Ta ci biyu ta ce yisti ya yi yawa.

Na tara kowa a tsakar gida, har Baban Rekiya, na faɗa musu, kuma ina rubutawa a nan don kada wani ya ce bai ji ba.

Kaset ɗin waƙa har gobe ba ya shigowa gidan nan, Rekiya kada ki sa rai. Littafin Iorkyaa in ya fito za a ajiye shi a ɗakina, mai son karantawa ya nemi izini. Masar Juma'a tana nan, amma farantin farko na Inna ne, sannan yaran unguwa, kuma a gaya musu su daina cewa marigayiya.

Inna kuwa, in bakinta ya motsa, ko da safe ne ko da rana, ko da baƙi a zaure, ko matan makarantata ne suka zo, ba wanda zai ce mata ta yi shiru a gidan nan. Ba yaro, ba babba, ba ni.